Kano zuwa Maiduguri da tsohuwa: jirgi ko mota, kuma awa nawa?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema. Biki za mu je Maiduguri tsakiyar watan Janairu, ni da surukata Hajiya, ɗaurin aure ranar Asabar da safe. Hajiya ta manyanta, ga ciwon gwiwa, ba ta jure dogon zama. Sadiq ya duba a waya ya ce tsakanin Kano da Maiduguri ta sama kilomita 500 ne kacal, wai ko awa ɗaya jirgi ba ya cikawa. Amma mai sayar da tikitin da na kira cewa ya yi in ware yini guda cur. Maganar wa zan kama? Kuma da ku ne, jirgi za ku hau ko mota?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Maman Sadiq. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa miki. Idan aka ja layi miƙe daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Maiduguri, kusan kilomita 500 ne. Jirgin fasinja irin su Boeing 737 idan ya daidaita a sama yana cin kusan kilomita 800 a awa, to da tashi da sauka da komai, minti 50 zuwa awa ɗaya ya ishe shi. Wannan shi ne lissafin Sadiq.

Lissafin mai tikiti kuma daban ne, don shi ya san jirgin da ke akwai. Mafi yawan jiragen da ke sauka Maiduguri daga Abuja suke tasowa, wasu ma daga Legas suke faro tafiyar su yada zango a Abuja. Na Kano kai tsaye ba abu ne da mutum zai dogara da samunsa duk ranar da ya ga dama ba. Idan babu shi, sai ki fara yin kudu. Kano zuwa Abuja kusan kilomita 360 ne, kamar minti 50 zuwa awa ɗaya. Daga nan ki juyo arewa maso gabas, Abuja zuwa Maiduguri kusan kilomita 700, awa ɗaya da kwata ko da rabi. Kin ga tafiyar kilomita 500 ta haura 1,000, ga tikiti biyu, ga zaman jira a tsakani. Zaman jiran nan shi ke cinye yinin.

Maman Sadiq: Ikon Allah. Wato sai mun je Abuja mu dawo? To me ya sa haka, Injiniya?

Injiniya: Fasinja ne. Kamfani ba zai ɗaga jirgi ba sai ya tabbata kujerun za su cika su biya kuɗin mai da na ma'aikata. Masu hawa jirgi daga Maiduguri akasarinsu ma'aikatan gwamnati ne da na ƙungiyoyin agaji da 'yan siyasa, kuma Abuja suka nufa. Ɗan kasuwar da ke zuwa Kwari ko Singa sari ya fi son mota, tunda da kayansa zai koma. Duk da haka kada ki yanke ƙauna tukuna. Akwai kamfanonin da ke da ƙarfi a Kano, kamar Max Air da Rano Air, kuma Rano na da ƙananan jirage Embraer masu kujera 50 waɗanda suka dace da irin wannan gajeriyar tafiya. Ki sa Sadiq ya shiga shafin kowane kamfani da kansa, ya sa ranar da kuke so, ya ga abin da zai fito. In da hali ma a je ofishinsu a filin jirgi a tambaya baki da baki: akwai wanda ke zuwa Maiduguri daga Kano a wannan satin, ko da zai tsaya Abuja ba tare da an sauya jirgi ba? Jadawali na canzawa, abin da aka gani a watan jiya ba lallai a same shi a Janairu ba.

Ɗan Bulumkutu: Anti, ni shawarata ku shiga mota kawai. Ku lissafa mana. A ce jirgin Kano ƙarfe 8 na safe ne, dole ku bar gida ƙarfe 6. Ku sauka Abuja ƙarfe 9. A ce na Maiduguri sai ƙarfe 1 na rana, in bai yi jinkiri ba. Ku sauka biyu da rabi, ku jira jaka, ku isa masauki ƙarfe 3 ta wuce. Awa 9 ke nan. Wanda ya bar Unguwa Uku bayan sallar asuba a mota mai lafiya, shi ma a daidai wannan lokacin yake shigowa gari, kuma kuɗin da ya kashe bai kai kusa da na tikiti ɗaya ba, balle huɗu.

Hajiya Babba: A'a ɗana, awa 9 ba ɗaya ba ce da awa 9. Kai da ƙuruciyarka kake magana. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta naɗe ƙafa a bayan Sharon daga Kano har Maiduguri, idan ta sauka sai an ɗauke ta, kuma bikin a kwance za ta yi shi. A filin jirgi kuwa za ta miƙe ƙafa, ta zaga banɗaki lokacin da take so, ta yi alwala ta yi sallah a natse. Zaman cikin jirgin duka biyu in an haɗa bai wuce awa biyu da rabi ba. Maman Sadiq, in dai kuɗin ba zai takura mai gidanki ba, ki hau jirgi da ita.

Kawu Direba: Salamu alaikum. Bari in sa baki tunda hanyar nan ita ce gonata tun ina yaron mota. 'Yata, ba zan ce miki ki hau ko kada ki hau ba, amma zan gaya miki yadda hanyar take don ki auna da kanki.

Daga Kano za ki bi Mariri, ki haye gadar Wudil, ki wuce Gaya, ki faɗa Jigawa ta Shuwarin kusa da Dutse, sai Jama'are da Azare a ƙasar Bauchi, sai Potiskum, sai Damaturu, sannan Maiduguri. Jiha biyar ke nan. Tsawonta ya haura kilomita 550. Tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da ita tagwayen hanya, an kasa ta kashi biyar. Inda aka gama, mota tana tafiya lafiya lau, musamman tsakiyar hanyar. Inda ba a gama ba kuma sai a haɗe ku hannu ɗaya da tireloli, a nan direban kirki yake rage gudu. Da tsayawar cin abinci da sallah da shingayen jami'an tsaro, ki sa awa 8 zuwa 9 a ranki. Duk direban da ya ce miki zai kai ki a awa 6, ki sauka daga motarsa tun a tasha.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne yankin ƙarshe, Damaturu zuwa Maiduguri, kilomita 130 da wani abu. Ngamdu, Benisheikh, Mainok, Jakana, Auno, sannan Njimtilo a bakin gari. Wannan yanki da rana tsaka ake wuce shi. Ƙa'idarmu ita ce azahar ta same ka a Damaturu ko ka riga ka wuce ta. Idan la'asar ta yi maka a Damaturu, ka nemi wurin kwana, kada ka ce za ka gwada. Sojoji na rufe hanyar shiga gari da yamma, kuma kowa ya san abin da ya faru a Auno a watan Fabrairun 2020, lokacin da matafiya suka tarar an rufe suka kwana a bakin hanya, aka auka musu cikin dare, aka kashe mutum kusan 30, aka ƙona motoci. Akwai abokan sana'armu a ciki. Allah Ya jiƙansu. Tun daga ranar ban ƙara yarda fasinja ya matsa mini in wuce Damaturu da yamma ba, ko nawa zai ƙara mini.

Hajiya Babba: Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Ɗan Bulumkutu: Amin. Amma Kawu, a faɗi gaskiya abubuwa sun yi sauƙi a kan da. Kullum motocin Borno Express da na Tashar Kano da ke Maiduguri cike suke fita, cike suke shigowa. Kada a tsorata Anti.

Kawu Direba: Ba tsorata ta nake yi ba, ɗana. Ni ma gobe hanyar zan bi da yardar Allah. An samu sauƙi, alhamdulillah, amma sauƙin da ƙa'idarsa yake tafiya: sammako, mota mai lafiya, direban da ya san hanya. Kuma yanayin hanyar na wannan satin ba shi ne na satin gaba ba. Ana gobe tafiya a je tasha da yamma a tambayi direbobin da suka shigo a ranar, su ne za su faɗi ƙarfe nawa ake buɗewa, ƙarfe nawa ake rufewa. Sannan 'yata, ko wane hali kada ki sa tafiyar ranar Juma'a. Ranar kasuwar Wudil ce, manyan motocin shanu da masu kaya sukan cushe wajen gada, awa ɗaya na iya tafiya a nan tun ba ki bar jihar Kano ba.

Maman Sadiq: Na gode Kawu, Allah Ya tsare hanya. Da ma Juma'ar na yi niyya, mu sauka da yamma mu samu wushe-wushe, shagalin daren da ake yi a bikin Barebari. Yanzu jikina ya yi sanyi da motar, ina ganin jirgin za mu nema ranar Juma'ar.

Injiniya: A nan kuma zan tare ki, Maman Sadiq. Janairu kika ce. Tsakiyar hunturu ke nan, lokacin hazo. Ƙurar da ke rufe mana sama daga Disamba zuwa Fabrairu mafi yawanta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele, arewa maso gabas da Tafkin Chadi. Iska ta kwaso ta, Maiduguri na cikin garuruwan farko da take rufewa, sannan ta iso Kano. Idan ta yi kauri, nisan da ido ke iya hange yakan faɗi ƙasa da mita 1,000. Kowane filin jirgi yana da iyakar hangen da aka yarda matuƙi ya sauka da shi, gwargwadon na'urorin da ke wurin. Idan hangen bai kai ba, jirgin ba zai ma taso daga Abuja ba, ko ya zo ya yi shawagi ya koma. Ke kuma filin jirgi biyu na arewa ke cikin tafiyarki, kowanne hazo na iya tsayar da shi. Wanda ya sa tafiyarsa ana gobe ɗaurin aure bai bar wa kansa ranar gyara ba. Ku tashi Laraba. In an soke, akwai Alhamis. In Alhamis ma ta ƙi, ga motar su Kawu a matsayin mafita ta ƙarshe. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen kwana uku, ana karantawa a rediyo, Sadiq ya riƙa dubawa tun daga Lahadi.

Ɗalibar Jami'ar Maiduguri: Wallahi Mama ki ji maganar Injiniya. Hunturun da ya wuce na kwana a Abuja ba shiri. Jirginmu na Maiduguri aka ce ƙarfe 11, aka ɗaga zuwa 1, aka sake ɗagawa zuwa 3. Muna zaune muna kallon waje ta gilashi, jiragen Legas da Fatakwal suna ta tashi, mu shiru. Kusa da ni wata baiwar Allah ce da jariri, madarar da ta haɗo ta ƙare, tana ta jijjiga shi a kafaɗa tana zagaye kujeru. Wani dattijo kuma ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, duk sanda lasifika ta yi ƙara sai ya miƙe da jakarsa, in ya ji ba namu ba ne ya koma ya zauna. Wajen ƙarfe 5 aka ce an soke saboda hazo. Kowa ya yi kan kanta, ma'aikaciya ɗaya ce a wurin. Ni na ci sa'a ina da yaya a Lugbe. Wanda ba shi da kowa kuma, filin jirgin Abuja kusan kilomita 40 yake da tsakiyar gari, kuɗin tasi kaɗai abin tunani ne. Don haka ki riƙe kuɗin kwana ɗaya a gefe, ki kuma sanar da wani ɗan uwa a Abuja cewa kuna iya sauka wajensa.

Mai Tikiti: Sana'ata ce wannan, bari in ƙara kan abin da ƙanwata ta faɗa. Babban tarkon tafiya ta Abuja shi ne tikiti biyu daga kamfani biyu. Idan jirgin Kano ya makara har na Maiduguri ya tashi ya bar ki, kamfani na biyu ba ruwansa, a wajensu ba ki zo ba ne, sai ki biya tara ko ki sayi sabo. Don haka in zai yiwu a yanki duka biyun a kamfani ɗaya, a lamba ɗaya. In bai yiwu ba, a bar aƙalla awa 4 a tsakani. Kuma ki sani a Abuja yawanci sai kin karɓi jakunkunanki, kin sake kai su awo, kin sake bin layin bincike.

Jirgin farko na safe shi ne abin nema. Jirgi ɗaya ne ke zagaya garuruwa da yawa a yini, duk jinkirin da ya samu da safe yana tara shi ne har yamma. Sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na katin shaida, harafi da harafi, musamman na Hajiya, don tsofaffi sau da yawa sunan da ake kiransu da shi daban, na katin ɗan ƙasa daban. Lambar wayar da za a sa kuma ta zama wadda ke hannunki, ta nan suke turo saƙon canjin lokaci. Ku isa fili awa biyu kafin tashi, ana rufe kanta tun jirgi bai fara lodi ba. Kuma a yanka da wuri, farashi hawa yake yi yayin da kujeru ke ƙarewa.

Barista: Ƙarin bayani kan haƙƙin fasinja, don mutanenmu da yawa sukan bar shi. Dokar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta ce a tafiyar cikin gida idan jinkiri ya kai awa 2, kamfani zai ba ku abin sha da abin taɓawa. Idan ya kai awa 3, kuna da ikon cewa kun fasa a mayar muku da kuɗinku. Idan aka soke jirgin, zaɓi naku ne, ko a mayar da kuɗi ko a sa ku a wani jirgin. Wanda ya biya ta banki ko ta intanet, kwana 14 doka ta ba kamfani ya mayar masa. In dalilin sokewar hazo ne ba za a biya ku diyya a kai ba, tunda ba laifinsu ba ne, amma kuɗin tikitinku na nan. Hukumar na da teburin karɓar koke a manyan filayen jirgi. Ki adana katin shiga jirgi da duk saƙon da suka turo, su ne hujjarki.

Anti Nas: Ni ta Hajiya nake. Lokacin yankan tikiti a gaya musu ana buƙatar keken tura marasa lafiya, a duka filayen uku, kada a bari sai an je. Ma'aikaci zai tura ta daga kanta har gindin jirgi, kuma yawanci su ake fara shigarwa. Ki tambaya kuma yadda za a yi da matakala, don sau da yawa a filayenmu da ƙafa ake takawa a hau tsani, kuma ga mai ciwon gwiwa wannan ne wuri mafi wuya a tafiyar gaba ɗaya. A nema mata kujerar gefen hanya a gaba-gaba. Magungunanta duka su kasance a jakar hannu, kada ko ƙwaya ɗaya ta shiga babbar jaka. In tana da ciwon suga ki riƙe dabino da biskit, abincin filin jirgi ga tsada ga shi ba lallai ya dace da ita ba. Takunkumi ma ki saya saboda ƙura, da man shafawa, da rigar sanyi, safiyar Maiduguri a Janairu ba wasa ba ce.

In kuma ƙaddara ta sa mota ce, to kowace awa biyu a tsaya ta fito ta taka 'yan taku. Dogon zama da ƙafa a lanƙwashe na kumbura ƙafa, kuma ga tsofaffi yana iya jawo daskarewar jini a jijiya. Kada ta ƙi shan ruwa don gudun fitsari, tsofaffinmu suna yin haka a tafiya, su sauka a galabaice.

Kawu Direba: To ai in mota ce, motar haya ba za ta tsaya muku duk awa biyu ba. Shata za ku ɗauka, ko motar gida da direban da ya saba da hanyar. Hajiya ta zauna gaba a tura kujerar baya. Kuma ga wata dabara da nake ba masu tafiya da tsofaffi: a raba tafiyar biyu. Ku bar Kano da hantsi ba gaggawa, ku kwana Potiskum ko Damaturu, da safe idan an buɗe hanya ku ƙarasa. Daga Damaturu awa biyu ce da 'yan mintuna har da tsayawar shinge. Ku shiga gari kafin azahar, tsohuwa ba ta jigata ba. A duba taya da safaya tun a Kano, a cika tanki a Damaturu, kowa ya riƙe katin shaidarsa a kusa don ana tambaya a shinge.

Hajiya Babba: Wannan dabara ta Malam Direba ta kwanta mini. In da shata ne da kwana a hanya, na janye rabin maganata.

Malamin Tarihi: Ku ba ni dama in ɗan ratse. Wannan layi da muke cewa babu jirgi a kansa, shi ne layin da jirgin sama ya fara bi a ƙasar nan. A 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar, suka bi ta Khartoum da El Fasher da Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau, suka sauka Maiduguri, sannan suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba. Mai jagorantarsu Arthur Coningham ne. Abin na damuna ƙwarai, a ce bayan shekara ɗari, manyan biranen arewa biyu da kasuwanci da auratayya da karatun allo suka ɗaure tun zamanin Shehunan Borno da Sarakunan Kano, sai mutum ya bi ta Abuja kafin ya je ɗaya daga ɗaya. Jirgin ƙasa ma da ya isa Maiduguri a 1964 ta Bauchi da Gombe ya daɗe da tsayawa. Gwamnatocin jihohin nan da attajiranmu masu kamfanonin jirage za su iya zama su tsayar da ƙaramin jirgi ko sau biyu a sati, marasa lafiya da ɗalibai da tsofaffi irin Hajiya su huta.

Mai Tikiti: Gaskiya ne Malam. Ko sunan filin ma a lura, tun 2023 aka sa wa na Maiduguri sunan Muhammadu Buhari, kada Sadiq ya gani a shafi ya ɗauka wani gari ne. Alamar filin a tikiti MIU ce, ta Kano KAN, ta Abuja ABV.

Malam Liman: Maman Sadiq, kada a manta da sallah a lissafin. Tafiyarku ta wuce nisan kasaru nesa ba kusa ba, ko ta sama ko ta ƙasa, don da nisa ake aunawa, ba da awannin da aka yi ba. Azahar da la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu za ku yi a hanya, kuma ya halatta ku haɗa azahar da la'asar idan lokacin jirgi zai ratsa su. Akwai masallaci a filin jirgin Abuja. Idan kun isa da niyyar zaman kwana huɗu cikakku ko fiye, a mazhabarmu ta Malikiyya sai ku koma cikawa. Sannan Maiduguri tana gabas da Kano, rana na riga faɗuwa a can da kusan minti 18, duk da agogo ɗaya ne. Ku bi kiran sallar garin, kada ku bi jadawalin Kano da ke wayarku. Su direbobi ma su sa wannan a lissafinsu, duhu na riskar mai tafiya gabas da wuri.

Maman Sadiq: Allah Ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru sosai. Mun yi magana da Abban Sadiq yanzu. Gobe Sadiq zai je filin jirgi ya tambayi na kai tsaye. In babu, za mu yanki na Laraba da safe ta Abuja a kamfani ɗaya, da keken Hajiya. Kawu, zan turo maka saƙo ta gefe ka haɗa mu da direban shata mu ajiye lambarsa saboda hazo. Saura tambaya ɗaya: dawowa fa? Na san Hajiya, ba za ta baro Maiduguri ba turaren wuta da humra da kifi banda ba.

Ya Fanna: Sannu da zuwa tun yanzu, ƙawata, mu ne masu tarbarku. Turaren wuta a kwalba ba matsala, a naɗe kowace kwalba da zani a sa a tsakiyar babbar jaka. Humra ruwa ce, ba za su bar ki ki shiga da manyan kwalabe a jakar hannu ba, a ɗaure bakin da leda da salatif a sa a jakar awo, kuma kada ta yi yawa don wasu ma'aikatan suna tsayar da ita. Gawayin turare da ashana kada ma ki ɗauko. Kifi kuwa, in kun je kasuwar Baga Road kun saya kwali guda, kada ki kai shi filin jirgi. Kilo ɗin da aka ba kowane fasinja yana rubuce a tikiti, abin da ya haura sai kin biya a kan kowane kilo, ga warin zai kama kayan bikinku. A kai shi Tashar Kano ana gobe tafiyarku a ba da saƙo, a rubuta lambar Sadiq a jikin kwalin, direba zai kira shi in ya shigo.

Kawu Direba: A ba ni kifin in dai ina gari ranar. Kwali biyu a saka, ɗaya cikin ɗaya, a ɗaure da igiya, don a saman but ake ɗora shi kada kaya su danne. Sadiq ya zo Unguwa Uku bayan la'asar ya karɓa.